Abinci Mai Rura Kumburi da Kansar Huhu: Ina Gaskiyar Ta Tsaya?

A shekarar 2017 aka fitar da sakamakon wani gwajin magani mai suna CANTOS, wanda tun asali ba don cutar kansa aka shirya shi ba. Mutum 10,061 aka ɗauka, dukkansu sun taɓa samun bugun zuciya, kuma jininsu ya nuna akwai kumburi a jiki. Aka riƙa yi wa wasunsu allurar canakinumab duk wata uku. Aikin maganin guda ɗaya ne, toshe wani sinadarin garkuwar jiki mai tayar da kumburi, wanda ake kira IL-1β. Bayan kusan shekara huɗu ana bibiyarsu, sai ga abin da ba shi aka je nema ba: waɗanda suka sami mafi yawan maganin, miligiram 300, kansar huhu ta ragu a cikinsu da kashi 67 cikin 100 idan aka gwada su da waɗanda aka yi wa allurar da babu magani a ciki.

Murna ba ta daɗe ba. Kamfanin Novartis ya gwada maganin a kan mutanen da kansar ta riga ta kama, a jerin gwaje-gwajen da aka sa wa suna CANOPY, bai yi abin da aka sa rai ba. Ga shi kuma tun a gwajin CANTOS an ga yana ƙara yawan masu mutuwa da cututtuka masu shiga jini, tunda garkuwar jiki yake danne wa. Duk da haka an karu da abu ɗaya: kumburi yana da hannu a farkon tasowar kansar huhu, tun kafin ta bayyana. To tunda abin da mutum yake ci kullum yana ɗaga ma'aunin kumburi a jini ko ya sauke shi, dole a tambaya ko tukunya ma tana da nata kason.

Tana da shi, amma ƙarami ne, kuma an fi ganinsa a jikin wanda hayaƙi ya riga ya wahalar da huhunsa.

Yadda kumburi ke share wa cutar kansa hanya

Kumburin da kowa ya sani shi ne na rauni: wuri ya tashi, ya yi ja, ya yi zafi, bayan kwanaki ya saɓe. Wannan aikin gyara ne, jiki ba ya rayuwa sai da shi. Wanda ake magana a kai a nan daban ne. Ba a ganinsa, ba ya ciwo, yana nan ƙasa-ƙasa shekara da shekaru kamar garwashin da toka ta rufe. A jini kaɗai ake gano shi, ta hanyar auna sinadarai irin su CRP da IL-6.

Tun 1863 likitan nan na Jamus, Rudolf Virchow, ya lura da fararen ƙwayoyin jini cunkushe a cikin tsiron cutar kansa, ya ce akwai alaƙa tsakanin cutar da kumburi mai daɗewa. Yau an san yadda abin yake tafiya. Sojojin garkuwar jiki suna fesa sinadarai masu ƙuna don kashe ƙwayar cuta, kuma idan fesawar ta ƙi ƙarewa sai ta riƙa lahanta DNA, wato kundin umarnin da ke cikin ƙwayoyin jikin da ke kusa. Sannan saƙon da kumburi ke aikawa shi ne a rarrabu a cike gurbi, a jawo sababbin hanyoyin jini. Ƙwayar da ta riga ta sami tangarɗa abin da take jira ke nan.

A 2023 ayarin Charles Swanton na Cibiyar Francis Crick da ke Landan suka nuna wannan a fili. Sun duba naman huhun mutanen da ba su da kansa, suka tarar kashi 18 cikin 100 na samfuran suna ɗauke da tangarɗa a wani sashen DNA mai suna EGFR, kashi 53 kuma a wani mai suna KRAS, dukkansu tangarɗoɗi ne da aka san suna haifar da kansar huhu. Suna nan kwance ba su tashi ba. Da suka shaƙa wa ɓeraye ƙananan ɓurɓushin gurɓatacciyar iska, sai garkuwar huhu ta saki IL-1β, ƙwayoyin nan masu tangarɗa suka farka suka fara yaɗo. Da aka toshe IL-1β, tsiron ya ragu.

Ta ina abinci ya shigo? Ta hanya uku aka fi sani. Kitsen da ke taruwa a cikin ciki yana kewaye hanji ba ajiya ce kawai ba, shi da kansa yana sakin sinadaran kumburi, IL-6 da TNF, cikin jini. Sukari da garin da aka tace tas suna ɗaga insulin, sinadarin da ke daidaita sukarin jini, suna kuma ƙara wannan kitse. Ta uku ita ce hanji. Akwai ɓangaren hatsi da wake da ganye da ciki ba ya narkarwa, wato faiba, wanda ƙwayoyin bakteriya masu amfani da ke babban hanji suke ci, su mayar da shi wasu ƙananan sinadarai masu lafar da garkuwar jiki da ƙarfafa bangon hanjin. In faiba ta yi ƙaranci bangon yakan yi rauni, guntayen bakteriya su riƙa tsallakawa cikin jini, garkuwa ta zauna a shirin yaƙi. Yawancin hujjar da ta haɗa hanji da huhu kai tsaye daga dabbobi aka same ta, a riƙe wannan a zuciya.

Yadda ake ba abinci maki

Ma'aunin da aka fi amfani da shi wajen auna yadda abinci ke rura kumburi sunansa DII, James Hébert da Nitin Shivappa na Jami'ar South Carolina suka fitar da shi a siffarsa ta yanzu a 2014. Sun tattara bincike 1,943, suka ware abubuwa 45 na abinci, kowanne aka ba shi maki gwargwadon yadda yake ɗaga ko sauke sinadarai shida na kumburi. Masu ɗagawa sun haɗa da kitse mai daskarewa, kitsen masana'anta, kolestarol da yawan abincin da ake ci. Masu saukewa akwai faiba, kurkur, citta, tafarnuwa, albasa, ganyen shayi, man kifi, magnesiyam da bitamin iri-iri. Ana tambayar mutum abin da ya saba ci, a haɗa lissafi, a sami lamba tsakanin kusan -9 da +8. Bayanan da aka ɗora ma'aunin a kai daga ƙasashe 11 suka fito, babu ta Afirka ko ɗaya a ciki.

Akwai wani ma'aunin, EDIP, na Fred Tabung da abokan aikinsa a Harvard, 2016, mai rukunin abinci 18. Shi ya nuna mana iyakar irin wannan lissafi. A cikinsa tumatir ya faɗa layin masu tayar da kumburi, fiza da giya kuwa suka faɗa layin masu saukewa. Ba wai tumatir yana da laifi ba. Lissafin yana bin abin da masu cin tumatir a Amurka suke haɗa shi da shi ne. Duk wanda ya ɗauki irin wannan jeri ya mayar da shi dokar kicin zai sha mamaki.

Abin da aka gani da aka bibiyi mutane

A Melbon ta Ostareliya, wani dogon bincike da aka wallafa a 2016 ya sami alaƙa tsakanin makin DII mai yawa da kansar huhu, kuma alaƙar ta fi fitowa a cikin masu shan taba. A 2019 masana na Jami'ar Vanderbilt suka haɗa bincike goma daga Amurka, Turai da Asiya, mutum sama da miliyan 1.4, waɗanda 18,822 daga cikinsu suka kamu. Masu cin faiba da yawa haɗarinsu ya yi ƙasa da kashi 17 cikin 100, masu yawan shan yogot kashi 19, waɗanda suka haɗa biyun kuwa kashi 33. A 2025 mujallar Thorax ta buga nazarin Amurkawa sama da 100,000, inda masu yawan cin abincin masana'anta, irin su lemon kwalba, tsiran alade da kayan leda, suka fi kamuwa da kashi 41.

Lambobin suna da daɗin ji, amma a ajiye su kusa da na taba. Mai shan taba ya fi wanda ba ya sha haɗarin kamuwa sau 15 zuwa 30. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗora wa taba kusan kashi 85 cikin 100 na cutar, wadda a 2022 ta kama mutum kusan miliyan 2.5 ta kashe miliyan 1.8, fiye da kowace irin kansa. Richard Peto da Richard Doll sun lissafa a 2000 cewa a cikin maza 100 na Birtaniya da suka ci gaba da shan taba, kusan 16 kansar huhu za ta kashe kafin su wuce shekara 75. Wanda ya daina yana ɗan 60, lambar ta koma 10. Ɗan 50, ta koma 6. Ɗan 40, 3. Ɗan 30, ƙasa da 2. Yanzu a ce gyaran abinci ya rage kashi ɗaya cikin biyar, wanda kyauta ce aka yi masa: 16 ta koma kusan 13. Mai shan taba da ya koma cin zogale bai ajiye kara ba, an gudu ne ba a tsira ba.

Wannan girman na taba shi ne kuma yake lalata binciken abinci. Masu shan taba galibi sun fi ƙarancin cin ganye da 'ya'yan itace, sun fi shan barasa, sun fi talauci. Masu bincike suna ƙoƙarin cire tasirin tabar da lissafi, amma lissafin ya dogara ga abin da mutum ya faɗa da bakinsa. Wanda yake shan kara 25 ya ce 15, ragowar goman nan sai su ɓuya a cikin lambar abinci, a ɗora wa burodi laifin sigari. Ƙari a kan haka, kansar huhu takan yi shekaru tana girma a ɓoye, tana rage wa mutum cin abinci tana ɗaga masa CRP, sai a zaci kumburin ne ya kawo cutar alhali cutar ce ta kawo kumburin. Shi ya sa ma ake ganin wani abin ɗaure kai, cewa masu ƙiba sun fi sirara tsira daga wannan kansa. Taba ce take ramar da mutum. In aka koma auna faɗin ƙugu maimakon nauyi, sai a ga mai babban tumbi ya fi haɗari.

Saboda haka da Asusun Binciken Kansa na Duniya, WCRF, ya tace hujjoji a rahotonsa na 2018, abu biyu kacal ya ce an tabbatar a fannin ci da sha: gubar arsenik a ruwan sha, da ƙwayoyi masu ƙarfi na beta-karotin, sinadarin da ke ba karas launinsa, ga masu shan taba da waɗanda suka taɓa sha. Dukkansu ƙara haɗari suke yi. Kariyar ganye da 'ya'yan itace, da illar jan nama da naman da aka sarrafa da barasa, duk ya sa su a layin hujjar da ke nuni amma ba ta kai ta yanke hukunci ba.

Darasin ƙwayar beta-karotin

Nan ya kamata a tsaya, domin nan ne mutane suka fi yin ɓarna da kuɗinsu da lafiyarsu. A shekarun 1980 an ga masu yawan cin karas da ganye, waɗanda jininsu ke cike da beta-karotin, ba su cika kamuwa da kansar huhu ba. Sai aka ce a ware sinadarin a dunƙula shi a ƙwaya. A Finland aka ɗauki maza masu shan taba 29,133, 'yan shekara 50 zuwa 69, aka riƙa ba wasunsu miligiram 20 kullum. Sakamakon da ya fito a 1994: kansar huhu ta ƙaru da kashi 18 cikin 100, mutuwa baki ɗaya da kashi 8. A Amurka gwajin CARET ya ba masu shan taba da ma'aikatan asbestos, wani kayan gini mai ƙurar da ke cutar da huhu, su 18,314, miligiram 30 haɗe da bitamin A mai ƙarfi. A Janairun 1996 aka dakatar da shi tun lokacinsa bai cika ba, domin kansar ta ƙaru da kashi 28, mutuwa da kashi 17. Ana kukan targaɗe sai ga karaya.

Bayanin da aka fi yarda da shi shi ne, a huhun da hayaƙi ya cika, beta-karotin mai yawa yana farfashewa ya koma abin da ke ƙara ƙunar maimakon kashe ta, ya kuma dagula saƙon bitamin A da ke tsare girman ƙwayoyin huhu. Abin da mutum ke samu daga abinci a yini 'yan miligiram ne kaɗan, yana zuwa tare da ɗaruruwan wasu sinadarai da faiba, yana shiga jini a hankali. Ba a taɓa ganin karas ya yi wannan illa ba.

Ba beta-karotin kaɗai ba ne. Wani bincike na mutum kusan 77,000 a jihar Washington, da aka buga a 2017, ya sami maza masu shan bitamin B6 sama da miligiram 20 a rana, ko B12 sama da maikurogiram 55, na tsawon shekara goma, haɗarinsu ya kusa ninkawa, a cikin masu shan taba kuwa ya kai sau uku zuwa huɗu. Wannan bibiya ce, ba gwaji ba, don haka ƙarfinsa bai kai na gwaje-gwajen beta-karotin ba. Amma ya isa ya sa mai shan taba ya juya kwalbar bitamin ɗin da ya saya a kemis ya karanta bayanta. In likita ne ya rubuta saboda ƙarancin jini, ko B6 da ake haɗawa da maganin tarin tibi, wannan daban ne, a sha. Ƙwayoyin kurkur masu ƙarfi su ma an sami waɗanda suka taɓa musu hanta, kuma suna karo da magungunan tsinka jini. Kurkur a miya ba matsala.

Abin da za a gyara a tukunya

Ba a yi irin waɗancan manyan bincike a kan masu cin tuwo da fura ba, amma ma'aunin gram ɗaya ne a ko'ina. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gram 400 na ganye da 'ya'yan itace a rana, faiba aƙalla gram 25, sukarin da ake zubawa kada ya wuce gram 50, gishiri ƙasa da gram 5.

Gram 400 kashi biyar ne na gram 80. Lemo ɗaya matsakaici ko gwaba babba kashi ɗaya ce, haka babban cokali uku a cike na dafaffen ganye. Dankali, rogo da doya ba sa cikin lissafi. Inda ake ruɗin kai shi ne miya. Kukar da aka kaɗa cokali uku ko huɗu don gida mai mutum goma, abin da ya iso kwanon kowa bai taka kara ya karya ba. Kwaɗon zogale ko na rama, faten da aka cika wa alayyahu da yakuwa, miyar taushe mai kabewa da yawa, su ne suke kai mutum ga adadin. Ganye kuma a zuba shi a mintuna biyar na ƙarshe. Dogon tafasa da zubar da ruwan yana tafiya da bitamin C, kanwa ma tana kashe shi tare da bitamin B1, don haka a rage hannu. Ɗan mai kaɗan a cikin ganye yana da amfani, domin karotin sai da maiƙo yake shiga jiki. Mai shan taba yana buƙatar ƙarin bitamin C miligiram 35 a rana a kan na sauran mutane, gwaba ɗaya ta biya wannan har da ragi.

Faiba tana cikin wake da dusa. Gram 100 na dafaffen wake yana da gram 6 zuwa 7, farar shinkafa dafaffiya kuwa ko gram ɗaya ba ta kai ba. Shinkafa da wake da ake yi waken yana leƙe nan da can, a mayar da ita rabi da rabi. Gero, dawa da acha sun fi farin burodi da taliyar leda nesa ba kusa ba, matuƙar ba a surfe su har sun yi fari tas an ba dabbobi dusar ba. Sai dai a lura: hatsin da ya yi fumfuna a rumbu, musamman masara, gubarsa ta fi taruwa a bayan ƙwayar, don haka shi tsincewa da surfe ne kariyarsa, wanda ya lalace a zubar. Haka gyaɗar da ta yanƙwane ko ta canza launi. Wannan guba hanta take kamawa, ba huhu ba, amma ba a gyara wani wuri a ɓata wani. Wanda bai saba da wake da yawa ba ya ƙara a hankali cikin mako biyu zuwa uku, ya jiƙa shi ya zubar da ruwan kafin dahuwa, ya sha ruwa sosai, in ba haka ba kumburin ciki zai sa ya fasa.

Nono da kindirmo dangin yogot ɗin da aka yi bincike a kai ne, da sharaɗi biyu. A tafasa madarar kafin a bar ta ta yi tsami, saboda tibin shanu da cutar burusela suna bi ta ɗanyar madara. Sannan a kula da sukarin da ake zubawa a fura. Galibin lemon kwalba yana da kusan gram 10 na sukari a kowane mililita 100, wato roba ɗaya ta rabin lita ta cinye kason yini gaba ɗaya. Ganyen shayi yana layin masu sauke kumburi, amma kofin da aka zuba wa cokali huɗu na sukari da madarar gwangwani, aka bi shi da rabin farin burodi da bota, ya riga ya sauya layi. Zoɓo da kunun aya ma haka.

Jan nama, WCRF ta ce gram 350 zuwa 500 dafaffe a mako, wanda aka sarrafa kuwa kaɗan ƙwarai. A 2015 hukumar binciken kansa ta duniya, IARC, ta sa naman da aka sarrafa da gishiri ko hayaƙi a rukunin abubuwan da aka tabbatar suna jawo kansa, kuma busasshen nama mai kama da kilishi yana cikin misalanta. Hujjar a kan kansar hanji take, ta huhu rarrauna ce. A gashi, matsalar tana tasowa ne lokacin da kitse ya ɗiga a garwashi, hayaƙin ya taso ya manne a naman ɗauke da sinadarai irin waɗanda ke cikin hayaƙin taba. A yanke kitsen, a kafa tsinke a gefen wuta ba a kanta ba, a riƙa juyawa, wurin da ya ƙone baƙi a cire. Kifi irin sadin da taitus sau biyu a mako ya fi a madadin wani kason naman.

Hayaƙin da ke saman tukunyar

In ana maganar abinci da huhu a ƙasashen da ake girki da itace, abin da ke tashi daga murhu ya fi abin da ke cikin tukunya nauyi. A gundumar Xuanwei ta lardin Yunnan a Sin, matan da ba su taɓa shan taba ba suna kamuwa da kansar huhu fiye da kusan ko'ina, saboda kwal mai hayaƙi da suke ƙonawa a ɗakin da babu bututun fitar da shi. Da aka sa wa murafun bututu, cutar ta ragu ƙwarai. IARC ta tabbatar da hayaƙin kwal a cikin gida a matsayin mai jawo kansa, ta sa hayaƙin itace da tururin suya mai tsananin zafi a rukunin da ake kyautata zaton suna jawowa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta danganta kusan kashi 11 cikin 100 na mutuwar manya da kansar huhu ga hayaƙin cikin gida.

Mai tuyar ƙosai ko awara da ke duƙe a kan kasko tun asuba, da mai tsire da ke fifita wuta har tsakar dare, sun fi masu saye shaƙar abin. Zafin suya da ya dace digiri 170 zuwa 180 ne: in aka ɗiga ƙullu ya nutse kaɗan ya taso da kumfa nan take, ya yi. In mai ya fara hayaƙi, ya wuce, ya soma farfashewa yana sakin abin da ke sa ido hawaye da maƙogwaro ƙaiƙayi. Man da aka maimaita yana saurin kaiwa nan. Alamun a zubar da shi su ne ya yi duhu, ya yi kauri yana danƙo, yana kumfar da ba ta kwanciya, ko yana hayaƙi tun wuta ba ta yi ƙarfi ba. Tace ɓurɓushi bayan kowace suya yana ƙara masa kwana, ƙara sabo a kan tsoho kuwa ba ya gyara tsohon. Toya manja har ya yi fari asara biyu ce, an ƙone karotin ɗin da ya sa shi ja, an kuma cika kicin da hayaƙi. A yi girki a fili ko a ɗaki mai taga biyu masu fuskantar juna, da busasshen itace, iska tana kaɗa hayaƙin nesa da fuska, kada a hura wuta da leda ko roba, kuma a sauke goyo kafin a duƙa a murhu. Wanda ya sami halin komawa gas ya yi wa huhun matar gida abin da zogale ba zai yi ba.

Gwajin CRP ba gwajin cutar kansa ba ne, kada a kashe kuɗi a kansa da wannan niyya. Zazzaɓin cizon sauro, ciwon haƙori ko mura duk suna ɗaga shi. Ƙasa da miligiram 1 a lita ana ɗaukarsa ƙasa, sama da 3 ya yi yawa, in ya haura 10 kuwa ciwo ne mai ci yanzu, a nemo shi a sake gwajin bayan mako biyu. Mai shan warfarin, maganin tsinka jini, kada ya ƙara ganye farat ɗaya ba tare da sanin likitansa ba, domin bitamin K na ganyen yana rage ƙarfin maganin. Mai ciwon ƙoda ma sai da shawara, saboda fotasiyam. Wanda kansar ta riga ta kama kuwa, lissafinsa ya juye. Rama ce babbar abokiyar gabarsa, yana buƙatar furotin gram 1 zuwa 1.5 a kan kowane kilo na nauyinsa a rana, ƙwai, kifi, nama, nono, wake. Hana shi abinci da sunan kashe cutar da yunwa, mara lafiyar yake kashewa.

Tarin tibi shi ma kumburi ne mai daɗewa, kuma tabon da yake bari a huhu yana ƙara haɗarin kansa ko bayan an warke. A Najeriya da Nijar, inda tibi ya yi yawa, nan ne ake yawan makara, domin alamun iri ɗaya ne: tari, rama, jini a majina, ciwon ƙirji. Tarin da ya kai mako biyu a je a gwada majina, gwajin tibi da maganinsa kyauta ne a cibiyoyin gwamnati. In gwajin bai nuna tibi ba amma tarin ya ƙi tafiya, ko an fara magani an yi wata biyu babu sauƙi, musamman ga wanda ya haura 40 kuma ya sha taba ko ya daɗe a cikin hayaƙi, kada a tsaya jiran wata shida su cika. A nemi hoton ƙirji, in da hali na CT mai nuna cikin huhu dalla-dalla, a kuma nemi a tura mutum wurin likitan ƙirji a asibitin koyarwa. Dushewar murya da ta wuce mako uku, kumburin fuska da wuya, ƙullutu a saman ƙashin wuya, ko kan yatsu da ya yi ƙato farce ya lanƙwashe, kowanne ya isa dalilin zuwa ko da babu tari.